Hukuncin ƙaho ga mai shan maganin tsinka jini

Tambaya: Malam, an sa mini ƙarfe a zuciya, kuma kullum ina shan warfarin, maganin tsinka jini. Ciwon baya ya matsa mini, sai wani ɗalibi a unguwarmu ta Tudun Wada ya ce in ajiye maganin kwana 3 in je wanzami ya yi mini ƙaho, wai sunna ba ta cutarwa. Ya halatta?

Amsa: Allah Ya ba ka lafiya, ɗana. Halaccin ƙaho babu saɓani a kansa, amma ƙarfen da ka ambata shi ne ya canza hukuncinka. Idan aka tsaga ka kana kan warfarin, jinin yana iya ƙin tsayawa, idan kuma ka ajiye shi da kanka, gudan jini yana iya taruwa a kan ƙarfen, ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Saboda haka duka biyun ba su halatta gare ka ba sai da izinin likitanka.

Maganar cewa sunna ba ta cutarwa kuwa, mai ita bai fahimci babin ba. Hadisin Bukhari da ya ambaci waraka cikin ƙaho da zuma ya haɗa da ƙuna da wuta, kuma a cikinsa Annabi (SAW) ya hana al'ummarsa ƙunar. Wannan ya nuna magana ce ta magani, ana duba halin majiyyaci, ba ibada ce da ake ɗora wa kowa ba. Zuma ma waraka ce, amma wa zai umarci mai ciwon suga ya sha ta babu awo? Ɗalibin ya ji tsoron Allah, domin ran mutum yake yi wa fatawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon bayan, domin na san kemis za ka nufa a ba ka diclofenac ko ibuprofen, waɗanda suke jawo zubar jini a ciki ga mai shan maganinka. Ka koma asibitin Shika da ke Zariya a duba bayan, a kuma yi maka gwajin INR, wato gwajin da ke auna saurin daskarewar jini. Kada ka soma jiƙo ko sassaƙe ba da sanin likitocin ba. Zogale da alayyafo ba a hana ka ba, sai dai kada ka cika kwano yau gobe ka daina, domin sinadarin bitamin K da ke cikinsu yana rage ƙarfin maganin. Idan ka ga bayan gida baƙi ƙirin, ko jini a fitsari, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ka tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Wallahu a'alam.