Ta ina zan fara gyara wurin aikina?

'Yar'uwa, kin ce za ki fara zana littafin yara amma tarkace ya cika miki tebur. Kwashe komai tukuna, teburin ya zama wayam. Sannan ki dawo da abin da hannunki zai taɓa kullum kawai: fensir, takarda, fitila. Sauran ki zuba a kwali, ki rubuta kwanan wata a jikinsa. Abin da ya yi wata guda ba ki neme shi ba, ki bayar ko ki zubar.

Amma ki yanka wa gyaran lokaci, yini ɗaya ya isa. Na sha ganin masu fakewa da jera kaya don tsoron fara ainihin aikin. Waya kuma ki bar ta a wani ɗaki lokacin zane.