Amsa ga Alhaji kan maganar jinkirin kwantena

Salamu alaikum jama'ar gurup. Alhaji na ji saƙonka, ka ce jirgin ruwa ya iso Legas tuntuni amma har yau kaya ba su shigo kasuwar Kwari ba, wai ina gizo ke saƙar. To wallahi Alhaji kowa ne da nasa agogon. Jirgi da lokacinsa, masu injin sauke kaya da nasu, kwastan da nasu, ejan mai fito da kaya daga kwastan da nasa, shi kuma direban tirela bawan Allah ya zo ya shiga layi a hanyar tashar jiragen ruwa ta Apapa, mota a kunne don kar layi ya motsa a tsallake shi, gas na ta ƙonewa a banza, hayaƙi ya turnuƙe unguwa, kuma da kwanakin kyauta sun ƙare damarej, wato kuɗin jinkirin kwantena, ya fara hawa, kai za ka biya, kai ma ka ɗora wa mai sayen atamfa.

Shi ya sa a Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, NPA, ta kawo tsarin nan Eto, mota ba ta tunkarar tashar Apapa ko ta Tin Can sai ta nemi gurbi an ba ta lokaci, ta zauna a gareji har a kira ta. Ya rage cunkoso, wannan gaskiya ne, amma fa tikitin mota kaɗai ba ya fitar da kaya in takardun kwastan ba su kammala ba, ko kwantenar na can ƙarƙashin wasu sai an ɗaga su an sake jerawa.

Ni wanda ya fi ci min rai ma namu ne na nan Kano. Mota ta ci kusan kilomita 1,000, ta sauke, ta juya da kwantena ba komai a ciki, alhali ga riɗi da zoɓo jibge a kasuwar Dawanau suna neman motar Legas! Haba jama'a. Ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki tun Janairun 2023 aka buɗe ta, ai nan ya kamata a riƙa haɗa mai shigo da kaya da mai fitarwa, in kamfanin jirgi ya yarda kwantenar da ta zo da yadi ta koma da riɗi, a raba kuɗin mota.

Yanzu dai Alhaji ka kira ejan ɗinka, ka tambaye shi ko kwastan sun saki kayan, da ranar da aka ba motar, sai ka sa mana a gurup ko cikin 'yan Dawanau akwai mai lodi a satin.