Yawon yini a kan babur da uwargida lokacin kaka

Malam, ka tambayi shirin da za ku yi kai da uwargida kafin ku bi hanyoyin ƙauye daga Kano zuwa madatsar Tiga ku dawo a yini ɗaya.

Fara da tayar baya. Idan Boxer ce, iskar mutum ɗaya wajen 28 ce a ma'aunin iskar taya (psi), da goyo kuwa a kai ta 32, in ba haka ba tayar za ta yi zafi, babur ya riƙa lilo a kwana. Sarƙa kada sakinta ya wuce santimita 3.

Babban haɗarin shi ne tufafin uwargida. Bakin hijabi ko zani yakan shiga sarƙa ko wayoyin taya ya fizgo mace ƙasa. Ta tattare shi ta zauna a kai, ƙafafu bisa matakai, hular kwano a kan kowa.

Bayan damina hanyar burji cike take da zaizaya da yashi. A yashi kada ka damƙi birkin gaba, ka rage giya. Manoma ma sukan shanya hatsi a gefen kwalta, kuma yana da santsi.

Ku cika tanki tun daga gari, ku tambayi 'yan acaɓan yankin lafiyar hanya, ku juyo da la'asar.