Shawarar Lauya: Makaranta Ta Ce In Jira, Ɗana Kuma Ba Ya Iya Mayar Da Hankali

Barista, a Amurka muke zaune. Ɗana mai shekara 8 yana makarantar gwamnati, likita ya ce yana da ADHD, wato lalurar rashin iya mayar da hankali da yawan motsi. Ba ya zama wuri guda, aikin aji ba ya kai shi ƙarshe. Sau uku ina yi wa malamarsa magana, kullum amsar ita ce a jira tukuna, wai makinsa bai yi muni ba. Me doka ta ba ni?

Maman yaro, sau ukun nan duk maganar fatar baki ce, shi ya sa babu abin da ya motsa. Ki rubuta takarda yau, ki sa kwanan wata, ki aika wa shugaban makarantar da daraktan ilimi na musamman na gundumar makarantunku. Ki ce kina neman a yi wa ɗanki cikakken gwaji don gano ko yana bukatar taimako na musamman, ƙarƙashin IDEA, dokar tarayya kan ilimin yara masu nakasa, da kuma Sashe na 504, wanda ke hana nuna wa masu nakasa bambanci. Ki ambaci abin da kike gani: aikin da ba ya ƙarewa, saƙonnin malama, korar da aka taɓa yi masa daga aji in akwai. Ki haɗa da takardar likita, ki ajiye kwafi.

Daga nan makaranta ko dai ta ba ki takardar amincewa ki sa hannu, ko ta ƙi a rubuce tare da dalilanta. Ƙa'idar tarayya ita ce a kammala gwajin cikin kwana 60, sai dai in jiharku ta sa nata wa'adin. Lissafin yana farawa ne ranar da suka karɓi sa hannunki, ba ranar da kika aika wasiƙa ba. Iyaye da yawa a nan suke asarar rabin shekara, takarda na kwance a jakar yaro. Gwajin kyauta ne. In kuma suka ce sai sun gama gwada dabarunsu na cikin aji, ma'aikatar ilimi ta tarayya ta bayyana tun 2011 cewa wannan ba hujjar jinkirta gwaji ba ce.

Ƙofofi biyu ne, kuma ba faɗinsu ɗaya ba. IDEA ita ke ba da tsarin da ake kira IEP: koyarwa ta musamman, manufofin shekara da za a iya aunawa, da adadin mintunan taimako a rubuce. A ƙarƙashin IDEA, ADHD na shiga rukunin da ake kira “sauran lalurorin lafiya”, amma takardar likita kaɗai ba ta wadatar. Sai an nuna lalurar tana taɓa karatunsa har yana bukatar koyarwa ta musamman. Sashe na 504 na dokar 1973 ya fi saukin shiga, domin abin da yake tambaya shi ne ko lalurar ta takura wa wani muhimmin abu na rayuwa sosai, kuma mayar da hankali yana cikin jerin. A nan ake samun ƙarin lokacin jarrabawa, kujera a gaban aji, raba aiki gunduwa-gunduwa, da ɗan hutun motsa jiki.

Maganar maki kuwa ba ta rufe ko ɗaya daga ƙofofin. Yaro na iya wucewa aji zuwa aji kuma ya cancanta. In yana kwashe awa uku kan aikin gida na minti ashirin, kina zaune a kansa, ki rubuta wannan kullum na tsawon mako biyu ki kai taro. Makin nan da suke nunawa guminki ne.

In an ce ya cancanci IEP, dole a zauna taron rubuta shi cikin kwana 30, kuma ke mamba ce a taron, ba baƙuwa ba. Kina da hakkin tafinta in Turanci na ba ki wahala. A ganina kada ki sa hannu a teburin. Ki tafi da takardar gida. Ki kula da kalmomi irin su “idan da bukata”, don ba a iya kama kowa da su. A rubuta wane ne zai yi, sau nawa a mako, minti nawa. Kotun Ƙoli a shari'ar Endrew F. ta 2017 ta ce dole tsarin ya kasance wanda zai sa yaro ya ci gaba daidai da yanayinsa, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba bai isa ba. Kuma makaranta ba ta da ikon gindaya shan magani a matsayin sharaɗin gwaji ko taimako.

In ba ki yarda da gwajinsu ba, ki nemi na ƙwararren waje a kan kuɗin gunduma. Ko su biya, ko su je gaban mai sauraron ƙara su kare nasu. Bayan wannan akwai sulhu, wanda ba ki biyan komai, da ƙorafi ga ma'aikatar ilimi ta jiha cikin shekara ɗaya, da ƙarar sauraron hujjoji wadda galibi wa'adinta shekara biyu ne. Na fi son a fara da sulhu, saboda a yawancin jihohi wanda ya shigar da ƙara shi ke da nauyin kawo hujja, kuma ko kin yi nasara an biya kuɗin lauyanki, ba a mayar da kuɗin ƙwararrun shaidu. Ƙorafin Sashe na 504 ana kai shi ofishin kare hakkin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya cikin kwana 180.

Sai batun horo, wanda yara irin naki suka fi faɗawa. In yana da IEP aka so dakatar da shi fiye da kwanakin makaranta 10 a jere, dole a zauna a duba ko laifin daga lalurar ya fito. Kariyar na iya shafarsa tun kafin a gama gwaji, muddin makaranta ta riga ta san da matsalar, kuma wasiƙarki mai kwanan wata ita ce shaidar sun sani.