Filin Kanikawa: Wane birenbos zan saka wa motata?

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema, inada Nissan 350Z ƙirar 2005 mai giyar hannu, tokumbo ce daga Amurka, na canza mata salansa gaba ɗaya da bututun shan iska, ƙara kam ta ƙaru amma ni dai banji wani ƙarfi ya ƙaru ba, to shine wani abokina yace birenbos ne ke riƙe ta, wai in cire na kamfani in sayi Haltech, wani kuma yace asarar kuɗi ce in bari kawai a sake rubuta na cikinta. Kuɗin ba kaɗan bane shiyasa nace bari in tambaya kafin in tura a sayo min. Nagode.
Mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka na biyu ya fi gaskiya, riƙe kuɗinka tukuna.

Birenbos, wato ECU, aikinsa shine ya karanta sensoci, yawan iskar da ke shiga da zafin inji da yadda ka taka totur, sannan ya yanke yawan man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai bada wuta. Yawancin canjin da za a yi masa a kan waɗannan biyun yake yawo, sai mota mai turbo da ake ƙara mata matsin iska. Hanyoyin kuma uku ne, ko a sake rubuta na kamfanin ta ramin OBD da ke ƙasan sitiyari, ko a goya masa wani ɗan akwati da zai dinga canza saƙon sensa kafin ya isa wurinsa, shine figibak, ko kuma a cire shi kacokan a sa mai zaman kansa irin su Haltech da MoTeC na Ostareliya, ko Link na Niyuzilan, ko ECUMaster na Folan.

Motarka injin VQ35DE ne a ciki, V6 mai lita 3.5, doki 287 ko 300 gwargwadon samfurin da ka samu, kuma babu turbo. To injin da bashi da turbo duk wayon kwamfuta bazata ƙirƙiro masa iskar da bai shaƙa ba, in an yi saiti mai kyau tare da salansar da ka sa, doki 10 zuwa 20 ne abinda zaka sa rai, wanda yace maka 50 kasuwa yake ci da kai. Abinda zakafi ji ma ba lambar bace, yadda totur ke amsawa ne da yadda take ja a tsakiya ba tare da wannan ɗan jinkirin ba. Kuma wannan dokin 10 zuwa 20 ɗin, birenbos na kamfani zai baka shi in an sake rubuta shi da UpRev, manhaja ce da aka yi ta musamman don Nissan da Infiniti, masu Infiniti G35 ma ita suke amfani da ita tunda inji ɗaya ne, har tana baka damar ajiye saiti daban-daban kana canzawa da maɓallan kurus na sitiyari. Kuɗinta ɗaruruwan daloli ne. Mai zaman kansa kuwa akwatin kaɗai galibi ya haura dala 1,000, manyan ciki sun wuce 2,000, ba a zo maganar wayoyi da ƙarin sensa da ladan mai saiti ba.

Sannan akwai abinda masu tallar basa faɗa. Birenbos na 350Z ba inji kaɗai yake kula da shi ba, yana magana da mitar gaban direba da AC da na'urar hana zamewa, yana kuma da alaƙa da makullin tsaron nan na Nissan da ake kira NATS wanda in bai gane makullin motar ba mota bata tashi. Akwai masu zaman kansu da aka yi su don wannan motar, ka cire soket ka jona kawai, Link nada irinsa, amma duk da haka tayar da mota da sanyin asuba, da tsayuwar inji a gosulo AC na kunne, waɗannan injiniyoyin Nissan sun daɗe suna gyara su kafin motar ta fito, kai kuma da sabon akwati mai saitinka ne zai zauna ya daidaita maka su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta ƙi tashi a hanyar Zariya kuma, rewayan da ka kira zai jona na'urarsa ta gwaji ya ga ba abinda ya saba gani ba, sai ya fara yanke-yanken waya, daga nan sai addu'a.

Yanzu ga inda nafi so ka buɗe kunne, maganar mai. Kusan duk saitin da zaka samu a shirye a intanet an rubuta masa 91 ko 93, wato lambar oktan, ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da ya fashe kafin lokacinsa ba, mutum sai ya duba yace ai namu ma 91 ne, shikenan ya loda. Ba ma'auni ɗaya bane. Amurka tana amfani da AKI, mu da Turai RON muke ƙirgawa, 91 ɗinsu wajen RON 95 ne, 93 ɗinsu wajen RON 98. Fetur ɗin da muke sha a gidan mai a takarda wajen RON 91 yake, wato daidai da 87 ɗinsu, mafi arha a famfonsu kenan, kuma mu iri ɗaya ne a famfo babu zaɓi, wannan ma in ba a gauraya shi ba, kowa ya tuna man nan mai yawan metanol da aka shigo da shi a watan Fabrairun 2022 da yadda ya kwantar da motocin mutane, balle na 'yan bumburutu. Ita 350Z tun daga kamfani mai mai daraja aka ce a bata saboda matsin injinta 10.3 ne, ma'ana yanzu haka da kake hawanta akwai yiwuwar birenbos ɗin na ja da tayimin, wato lokacin da fulogi ke bada wuta, baya da kansa don ya kare injin, ƙila ma shiyasa bakaji amfanin salansar ba. To ka ɗauko saitin da aka tura tayimin gaba don man RON 98, ka zuba masa namu, ka haɗa da zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, man zai dinga fashewa kafin lokacinsa, zakaji wata ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani in ka taka, wani lokaci ma salansarka mai ihu bazata bari kaji ba, a hankali fistin ya tsage ko ring ya karye, sai ace inji ya buga.

Kwalaben nan na ƙara oktan kuma kada su ruɗe ka, in an rubuta tana ƙara maki 3, yawanci 0.3 ake nufi.

Saboda haka mutumin da zai yi maka saitin ya fi akwatin muhimmanci, ka fara nemo shi kafin ka sayi komai, ka tambaye shi wace manhaja ya iya, don kowa da wadda hannunsa ya faɗa a kai. In akwai dayino kusa da kai, wato injin da ake ɗora mota ana gwada ƙarfinta a tsaye, to madalla. In babu ana yi daga nesa, ya turo fayil ka loda, ka fita titi mara mutane ka ɗauki bayanan gudu a laftof ka tura masa, ya gyara ya sake turowa, haka har ta zauna. Ka faɗa masa ƙarara man RON 91 kake sha kuma garinku da zafi, ya bar maka rata. Gaurayen iska da mai a tafiyar yau da kullum 14.7 ne, in an take totur ƙasa a inji irin naka ana so ya sauko wajen 12.5 zuwa 13, wanda bai tambaye ka waɗannan lambobin ba, ko bai damu da ganin bayanan sensar fashewa ba, ka gudu. Kafin nan ka canza fulogi, ka wanke sensar iska don ƙurar hunturu tana toshe ta, a duba famfon mai da lagireto.

Haltech ɗin lokacinsa na zuwa in ka sa turbo ko sufacaja babba, ko ka ɗauke injin ka dasa a wata mota, ko motar ta zama ta filin dirif kawai. Ko a nan ka sani kwanrod ɗin VQ35DE, wato sandar da ke riƙe da fistin, ba mai ƙarfi bane, wajen doki 400 a taya masu harkar suke cewa a dakata in ba a buɗe injin an canza kayan ciki ba.

TAMBAYA: Oga barka da aiki, ni BMW 335i ce dani ta 2008 mai ƙofa biyu, JB4 zan sa ko MHD? Naga kowa na yabon nasa.
Mai karatu daga Abuja

AMSA: Barka dai ɗan'uwa. Kai kam naka lissafin daban ne, injin N54 ne mai turbo biyu, doki 300 daga kamfani, kuma saiti kaɗai na iya ƙara maka doki 50 ko fiye tunda matsin turbo ake ɗagawa. JB4 figibak ne na kamfanin Burger Motorsports, ana jona shi a wayoyin birenbos, in ka gaji ka cire mota ta koma yadda take. MHD kuma da wayar hannu ake loda shi ta ramin OBD, yana sake rubuta na kamfanin ne, don haka yana taɓa mai da tayimin kai tsaye, ni shi nafi so saboda wannan, kuma babu ƙarin waya a gaban mota da zafi zai gasa. Amma duba sunayen saitinsa da kyau, zakaga an rubuta 91 tare da 95 RON, 93 tare da 98 RON, kaga maganar da na gama yiwa na Kaduna kenan, mafi ƙanƙantarsu ma ya fi man famfonmu, kuma inji mai turbo baya yafiya kamar nasa. Ko dai ka biya a yi maka saiti naka na kanka a kan manmu da matsi kaɗan, ko ka haɗa mata feshin ruwa da metanol, in ba haka ba ka barta yadda take.

Kuma N54 nada cututtukanta tun kafin ka taɓa ta. Famfon mai na babban matsi ya bada wahala har BMW ta kira motocin a dawo da su gyara a Amurka a 2010, famfon ruwanta na lantarki ne yana mutuwa ba sallama, kwayil da nozul suna gajiya, bututun roban da ke kai iska totur yana fashewa in matsi ya ƙaru, shi ka canza shi da na ƙarfe tun yanzu. Intakula babba ma, wato mai sanyaya iskar turbo, a zafinmu ba ado bace. Ranar lodawa kuma ka jona batir da caja mai kyau a janareto ko inbata, ba wutar NEPA ba, batir ya sauka ana tsakiyar rubutu zaka iya tashi da birenbos da baya magana.

TAMBAYA: Malam wannan ɗan ƙaramin abun da ake sayarwa a intanet, ana soka shi a ramin OBD wai yana ƙara ƙarfi da kashi 35 yana rage shan mai, gaskiya ne?
Mai karatu daga Katsina

AMSA: Ba gaskiya bane. Waɗanda suka fasa irinsu sun tarar 'yan fitilu ne ke walƙiya a ciki, baya tura wa birenbos komai. Ka sha mai da kuɗin.

TAMBAYA: Salam, ni ba ƙarfi nake nema ba, so nake in na ɗaga ƙafa salansa ta dinga harbi tatata kamar na yaran nan masu zagaye gari ranar biki. An cire min indomi tuni kuma fitilar cek inji ta ƙi mutuwa. Saiti zai gyara duka biyun?
Mai karatu daga Kano

AMSA: Wa alaikas salam. Eh saiti ne ke kawo harbin, ana jinkirta wutar fulogi ne a bar mai yana fita ya ƙone a cikin salansa maimakon cikin inji, wannan zafin kuma bawul ɗin fitar hayaƙi da gaskit ke shan shi, in da turbo shima yana ciki, mai kuma ya tafi a banza da tsadarsa. Fitilar kuwa sensar da ke bayan indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ce take ganin hayaƙi bai tace ba, galibi lambar P0420 zata nuna a na'ura, ana iya kashe ta a saiti amma warin da ke shigo muku cikin mota a gosulo yana nan, ni da zaka ji tawa indomi mai faɗin hanya zaka nema ka mayar. In ka nace sai harbin, a sa maka shi a saiti na biyu mai maɓalli, ya fara daga juyi 3,500 zuwa sama, don kada ka dinga tada maƙwabta da asuba kana fita masallaci.