Kafin ki sayi obin, ƙirga min ƙullin cincin ɗinki

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a gefen Gujungu ta turo min wannan: "Anti, ina yin cincin da kek ɗin gwangwani da ɗan mit fai a gida, ana kai wa masu kanti, ran Lahadi kuma a kai kasuwa. Kaya na ƙarewa tas, amma duk ranar da zan sayi fulawa sai na nemi ciko a wajen maigida. Wata mai zuwa ni ce da kwasar adashi, dubu 120, ina so in sayi obin na gas in ƙara yawan kek. Ya kika gani?"

To 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Amma gaskiya ɗaya ce, kar ki sayi obin ɗin nan yanzu. Kin riga kin faɗi ciwon da bakinki, kaya na ƙarewa kuɗi ba ya dawowa, kinga kenan ba gashi ne matsalarki ba, akwai inda uwar kuɗin take tsiyayewa, kuma in kika ƙara yawan kaya a haka ramin kawai za ki ƙara wa faɗi.

Bari in tambaye ki, kwaɓi ɗaya na cincin nawa yake ci? Na san amsar da za ki ba ni, kuɗin fulawa da suga da bota. Man suyan fa? Da ƙwai, da madara, da bakar hoda, da leda, da gawayi ko itace, da kuɗin mashin ɗin da ya ɗauko miki kayan daga bakin titi? Waɗannan ƙananan su ne ɓarayin, saboda kullum da canjin hannu ake sayensu, ba wanda yake rubutawa.

Ga misali, lissafin nawa ne ba farashin kasuwarku ba, ke za ki saka naki. A ce kwaɓin ya ci dubu 9 da komai da komai, ya ba ki ƙulli 110. Kowanne ƙulli ya tashi a kusan naira 82 kenan. In kin sayar a ɗari-ɗari gaba ɗaya kin samu dubu 11, riba dubu 2. Amma ai ba haka ake yi ba, yara sun kewaye kasko kin miƙa wa kowa nashi, maigida ya yi baƙi an zuba musu a faranti, maƙociya ta leƙo an ce ɗan ɗana, ƙulli 10 sun tafi, saura ribar dubu 1. Sai biyar da aka ɗauka bashi "sai an sayar da riɗi", saura ɗari biyar. In kuwa mai kanti kike ba wa sari a naira 80 dan shi ma ya samu nashi, to wallahi kowanne ƙulli ke kike ɗora masa naira biyu daga aljihunki, kin sha hayaƙi tun asuba kuma kina murna wai kaya sun ƙare.

Ban ce ki hana yaranki ba, haba, wace uwa ce za ta soya cincin yaro na kallo ta hana shi. Ki ware musu nasu tun farko ki rubuta shi a matsayin an sayar wa gida, shi kenan.

Abin da nake so ki yi, ki sayi littafi ɗan ƙarami da biro, sannan in da hali sikeli ɗan na kicin. Sikelin nan ya fi miki obin amfani yanzu. Babban buhun fulawa kilo 50 ne ko a ina kika saye shi, amma kwanon awo kowa da nashi, na wani mai tozo na wani shafe, kuma hannunki ma da kike ƙulla ledar da shi ba kullum yake ɗiba daidai ba, ran da kike cikin nishaɗi ƙullin ya fi girma. Kwaɓi uku a jere ki rubuta abin da ya shiga da adadin da ya fito. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kin ga yadda kuɗin mota da na kaya suka dinga canzawa, dan haka lissafin bara ba ya yi wa bana aiki, duk sanda kika sayi sabon kaya ki sake bugawa. In ya nuna ɗari ba ta fitar da ke, a ƙauye rage girman ƙulli ya fi ƙarin kuɗi sauƙin karɓuwa, dan yaron da aka ba wa ɗari ɗarin ce dai a hannunsa.

Sai maganar kayan su kansu, dan ba duka ne suka dace da inda kike ba. Cincin in ya soyu ya bushe, kika bari ya huce sarai kafin ki ƙulla, yana yin makonni bai yi komai ba, wanda bai ƙare yau ba gobe ma kuɗi ne. Kek kwana uku zuwa huɗu ne ya fara canza ƙamshi. Mit fai kuwa da nama da dankali a cikinsa, a zafin watan Afrilu na Jigawa da yake haura digiri 40, babu firji babu wuta, wanda aka gasa da safe in ya kwana sai dai a zubar, kuma kar ki kuskura ki ɗumama ki sayar, cikin ɗan mutane ya ɓaci sau ɗaya sunanki ya tafi a garin. Ni da zan ba ki shawara, mit fai ran Lahadi kawai, ƙirgagge. Kek kuma na oda, biki ko suna ko Sallah, kuma sai an ba da kafin alƙalami da zai sayi kayan haɗin gaba ɗaya. Ni kaina na taɓa ƙonewa a nan, wata ta sa na yi mata kek ɗari biyu na biki da alƙawarin in an watse za ta kawo, yau amaryar har ta yaye ɗa.

Kuma kek ɗin da kike yi a tukunya da yashi, gwangwanayen madara a jere, garwashi a kan murfi, me ya same shi? In kin iya wutarsa ba mai bambance shi da na obin a baki. Obin na gas kuma ba sayensa ne kaɗai ba, akwai silinda, akwai cika ta, akwai ɗaukarta a mashin zuwa inda ake cikawa.

Dubu 120 ɗin ga inda zan so ta tafi. Ki bar sayen fulawa kwano-kwano a kantin ƙauye, nan ne rabin ribarki take zama. Ki haɗa kai da mata biyu ko uku masu fanke ko gurasa ku sa a ɗauko muku buhu da jarkar mai daga Kasuwar Singa a Kano ko wajen babban dila mafi kusa da ku, ku raba, amma ku lissafa kuɗin mota a ciki kar ya cinye sauƙin. Buhun ki ɗora shi a kan katako nesa da bango, musamman da damina, kuma kar ki tara wanda zai wuce wata biyu, yana yin ƙwari. Wani kaso ki ajiye shi ba taɓawa, shi ne na cikon da kike zuwa nema wajen maigida. Kuɗin sana'a gwangwaninsa daban, ko asusu daban in kina da shi a waya, kuɗin cefane ba ya shiga ba ya fita daga nan.

Ki kuma kalli lokaci. Da damina kuɗin mutane yana gona, ki rage kwaɓi. Da kaka, an sayar da riɗi da zoɓo, bukukuwa sun kankama, nan ne ake neman kayan gara, cincin da dubulan da alkaki, kuma alkaki ma yana daɗewa bai lalace ba, ga alkama ana nomawa nan yankin Haɗejia. In kin iya su ki fara sanar da matan gari tun kafin a fara sa rana.

Ran da littafinki ya nuna kina mayar da odar kek saboda tukunya ba ta isa, wata biyu ko uku a jere, to ki turo mu zauna kan maganar obin. Yanzu dai ki aiko min da lissafin kwaɓi ukun nan, har da na gawayi da leda, kar ki cire komai.