Amsa ga mai shirin zagaya gandun dazukan Amurka da iyali a watan Yuli

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka a tsanake: kai da uwargida da yara uku, babban yana da shekara goma sha ɗaya, na tsakiya tara, auta huɗu, kuna da hutun mako biyu a watan Yuli, kana so ku ɗauki mota ku ga Grand Canyon da Zion da Yellowstone da Yosemite, kana neman sanin ta ina za ku fara da abin da za ku tanada. Allah ya sa albarka a wannan niyya, domin irin wannan tafiya tana daɗewa a zukatan yara. Amma kafin maganar tanadi, shawarata ta farko ita ce ka rage wuraren nan. Ba a tauna taura biyu, balle huɗu.

A taswira yammacin Amurka yana kama da wuri ɗaya, sai ka hau hanya za ka san girmansa. Daga bakin kudu na Grand Canyon zuwa Yellowstone ya haura mil 800, kuma daga can zuwa Yosemite wata doguwar tafiyar ce kusan kamarta. Awannin da wayarka take nuna maka na direba ne shi kaɗai, wanda ba ya tsayawa. Da yara a baya akwai fitsari, akwai yunwa, akwai kukan gajiya, akwai wanda amai zai taso wa a hanyar dutse mai lanƙwasa. Abin da waya ta ce awa shida ne zai cinye muku yini guda. In ka haɗa wuraren huɗu, kusan rabin hutun zai tafi a kujerar mota, ku iso kowane wuri a gajiye, ku ɗauki hoto, ku wuce. Mu a gidanmu ƙa'idar da muke bi ita ce kada tuƙin yini ya wuce awa huɗu ko biyar, kuma duk inda muka sauka mu kwana aƙalla biyu. Ranar da muka yi doguwar tafiya, washegari ba ma sa wa kanmu komai sai abin da ke kusa da masauki.

To, zaɓi biyu ne a gabanka. Ko ku yi arewa, wato Grand Teton da Yellowstone a jihar Wyoming, ko ku yi kudu, wato Zion da Bryce Canyon a Utah da Grand Canyon a Arizona. Yosemite ku bar shi zuwa wani hutun, ya cancanci tafiyarsa shi kaɗai. Da ni ne, a watan Yuli kuma da yarinya 'yar shekara huɗu, arewa zan yi ba tare da wani dogon tunani ba. Dalilin farko zafi ne, zan zo kansa. Na biyu kuwa, ƙananan yara ba su cika damuwa da kyawun duwatsu ba. Babba zai tsaya a bakin Grand Canyon ya yi ta tasbihi, yaro kuwa minti goma ya ishe shi. Amma ka nuna masa garken bauna suna tsallaka titi, ko ruwan zafi yana feshi sama daga cikin ƙasa, za ka ga ya kasa rufe baki.

Yellowstone shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Amurka, an kafa shi a 1872, kuma faɗinsa ya haura eka miliyan biyu. Babbar hanyar cikinsa tana da siffar lamba takwas, tsawonta mil 142, ba a kuma gudun da ya wuce mil 45 a awa. Ko wannan gudun ma ba kullum ake samu ba, domin da zarar bauna sun hau titi kowa tsayawa yake har sai sun ga dama sun sauka. Shi ya sa wurin kwana yake da muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato. Da yawa suna kama ɗaki a garin Jackson su ce daga nan za su riƙa shiga Yellowstone kullum, alhali daga Jackson zuwa Old Faithful, shahararriyar maɓuɓɓugar ruwan zafi mai feshi, kaɗai ya fi awa biyu. Jackson na Grand Teton ne. Ku yi kwana uku a wannan ɓangaren, ku shiga jirgin ruwan da ke tsallaka tafkin Jenny, ku taka zuwa Hidden Falls, inda ruwa yake zubowa daga kan dutse, tafiya ce da ko autarku za ta iya da ɗan lallashi. Daga nan ku tattara ku koma Yellowstone, ku raba kwanakinku biyu: wasu a yamma, wajen Old Faithful ko garin West Yellowstone, wasu a Canyon Village da ke cikin gandun ko garin Gardiner da ke ƙofar arewa.

Ɗakunan cikin gandun ana buɗe rajistarsu kimanin wata goma sha uku kafin lokaci, kuma suna cika da wuri. Idan ka duba ka ga babu, kada ka karaya. Mutane suna soke nasu kullum, musamman idan lokaci ya matso, saboda haka ka kama ɗaki a garin waje wanda za ka iya sokewa kyauta, ka ci gaba da leƙawa. Idan tanti kuke so, yawancin filayen kwana na gwamnati ta shafin Recreation.gov ake kama su, galibi wata shida kafin ranar.

Old Faithful yana feshi kusan kowane minti casa'in, kuma ana rubuta lokacin da ake sa ran na gaba a cibiyar baƙi. Ku gan shi, amma kada ku juya daga nan. Zagayen katakon da ke bayansa ya fi shi abin kallo, domin kusan rabin maɓuɓɓugan feshi na duniya a wannan gandun suke. Grand Prismatic kuwa, wannan babban kududdufin mai launuka, ku je masa da rana tsaka, saboda da sassafe tururi yana rufe launin. Akwai ɗan tudu a hanyar Fairy Falls da ake hango shi daga sama, can ne ake ganinsa sosai. Dabbobi kuma nasu lokacin daban ne: asuba da gab da magariba, a kwarin Lamar ko na Hayden. A Lamar ne aka fi samun ganin kyarketai, waɗanda aka dawo da su gandun a 1995 bayan an shafe shekaru da ƙarar da su. Ka nemi madubin hangen nesa ko da na aro ne, kuma in ka ga mutane sun jeru a gefen hanya da manyan na'urori, ka tsaya ka gaishe su. Yawancinsu suna jin daɗin nuna wa yara.

Nan ne nake so ka ba ni kunnenka sosai. Ƙasar da ke kewaye da ruwan zafin nan ɓawo ce siririya, a ƙarƙashinta ruwa ne mai tafasa, kuma fiye da mutum ashirin sun rasa rayukansu a cikinsa tun da aka buɗe gandun. A wurare da yawa hanyar katakon ba ta da shinge. Hannun auta ya kasance a cikin naka ko na uwargida tun daga hawa har sauka, kuma ka yi wa mazan magana tun a gida cewa babu guje-guje, babu tsinto hular da iska ta ɗauke. Haka nan bauna. Kana ganinta tana kiwo kamar ba ruwanta da kowa, amma ta fi kowace dabba raunata mutane a Yellowstone, kuma ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba. Doka ita ce yadi 25 tsakaninka da bauna da sauran manyan dabbobi, yadi 100 tsakaninka da beyar ko kyarkeci. Ko ɗan jaririn dabba kuka gani shi kaɗai, ku bar shi. A 2016 wasu baƙi sun saka ɗan bauna a motarsu don suna ganin sanyi yake ji, garken ya ƙi karɓarsa, dole ma'aikata suka kashe shi. In za ku shiga daji da ƙafa, ku riƙe feshin korar beyar. Ba a hawa jirgin sama da shi, a can ake saya ko a karɓi haya.

Kada watan Yuli ya ruɗe ka game da tufafi. Yawancin gandun ya haura ƙafa 6,000 a sama da teku, da dare sanyi yana iya kusantar daskarar da ruwa, da rana kuma rana tana ƙona fata. Kowa ya tafi da rigar sanyi da ta ruwa da hula.

Yanzu in har zuciyarka tana kan Grand Canyon, ba zan hana ka ba, amma zafi ne zai tsara muku yini. A ƙasan kwarin Zion ma'auni yana haura maki 38 na Selshiyos a Yuli, a can ƙasan Grand Canyon kusa da kogi kuwa ya fi haka. Ku fita da asuba, ku dawo inuwa kafin ƙarfe goma sha ɗaya, ku sake fita da la'asar sakaliya. A Grand Canyon ma'aikata da kansu suna gargaɗin kada a yi tafiyar ƙafa cikin kwazazzabon tsakanin goma na safe da huɗu na yamma. Haɗarin wurin shi ne gangara tana da daɗi, yara suna tsalle suna gaba, sai an juyo a tarar hawan yana cin ninkin lokacin, ga rana ta take. Da yaranku, tafiyar bakin kwazazzabon ta wadatar, ga motocin bas na kyauta suna kai mutane wuraren hange. Ɓangaren kudu za ku nufa. Na arewa gobarar daji ta cinye babban masaukinsa a Yulin 2025, kuma ko da yake ana hango shi daga kudu, zagayen mota zuwa can ya haura mil 200.

A Zion, lokacin bazara ba a shiga babban kwarin da motar gida, bas ake hawa daga cibiyar baƙi, kuma wurin ajiye mota yana cika tun da safe. Ku kwana a Springdale, garin da ke bakin ƙofar gandun, in da hali. Yara suna son Narrows, inda ake tafiya a cikin kogin Virgin tsakanin katangun dutse, amma daga Yuli zuwa Satumba lokacin ruwan sama ne mai zuwa kwatsam. Ana iya yin ruwa a wani wuri mai nisa da ba ku gani ba, ambaliya ta iso kanku alhali sama tana garau. A Satumbar 2015 mutum bakwai suka mutu haka a wani matsatsin kwazazzabo na Zion. Kullum ana liƙa hasashen ambaliya a cibiyar baƙi, ka karanta, ka tambayi ma'aikaci, in ya ce a'a to a'a ne. Angels Landing kuwa, wani tsauni mai siririyar hanya a Zion, ka cire shi daga lissafi, sai da izini ake hawansa tun 2022, kuma ba wurin yara ba ne. Bryce Canyon yana da kimanin awa biyu daga Zion, yana kan tudu sama da ƙafa 8,000, saboda haka akwai sanyi-sanyi, can za ku huta da zafi. Ku fito da dare ku kalli taurari. Wani abu da ke rikita baƙi a wannan yankin shi ne agogo: Arizona ba ta sauya lokaci da bazara, wato tura agogo gaba da awa ɗaya, Utah tana sauyawa, yankin ƙabilar Navajo da ke cikin Arizona ma yana sauyawa. In kun kama lokacin shiga wani wuri kusa da garin Page, ka tambaya da wane agogo suke aiki.

Maganar kuɗin shiga mai sauƙi ce. Manyan gandun nan suna karɓar dala 35 kan kowace mota na kwana bakwai, katin shekara na mazauna Amurka kuwa dala 80 ne, yana shigar da duk wanda ke cikin motar. Amma duba wannan: in ɗanka mai shekara tara yana aji huɗu, akwai shirin Every Kid Outdoors da ke ba shi kati kyauta, ya shigar da ku duka har ƙarshen Agusta. A intanet ake cike shi, a buga takardar a tafi da ita. Idan kuma akwai baƙo daga wata ƙasa da zai bi ku, ka sani daga farkon 2026 an ƙara wa waɗanda ba mazauna ba kuɗi sosai a manyan gandun. Dokar da wasu gandun suke da ita ta kama lokacin shiga tun daga gida ma tana sauyawa kowace shekara, ka duba shafin kowane gandu mako biyu kafin ku tashi.

Duk inda kuka shiga, ku fara da cibiyar baƙi ku karɓa wa yaran littafin Junior Ranger. Suna cike shi da abin da suka gani, ma'aikaci ya duba, ya sa su ɗaga hannu su yi alkawarin kula da daji, ya ba su bajo. Na ga yadda wannan ɗan littafin yake mayar da yaro mai ƙorafin gajiya ya zama shi ke jan iyayensa gaba.

Mota a duba taya da birki da ruwan sanyaya inji kafin tafiya, kuma kada mai ya sauka ƙasa da rabin tanki, domin gidajen mai suna da nisa da juna. Ruwan sha ku lissafa galan guda ga kowane mutum a yini. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a yawancin wuraren nan, ka sauke taswira a waya tun a gida, ka kuma karɓi ta takarda a ƙofar shiga. In uwargida tana tuƙi, ku riƙa karɓar juna, kuma ku guji tuƙin dare saboda dabbobin da ke faɗowa kan titi.

Ka faɗa mana daga wane gari za ku taso da kuma ɓangaren da kuka zaɓa, in sha Allahu sai mu zauna mu jera kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin kwana dai ka fara nema tun yau. A gaida uwargida da yara.